Ni da Garaje a Hanofa

A Katsina, in kare ya tunkaro ka, sunkuyawa kawai za ka yi kamar mai ɗaukar dutse, sai ya juya da gudu. Iyakar abin da na sani game da kare ke nan lokacin da na sauka Jamus.

Na samu ɗakin haya a gidan wata tsohuwa a Hanofa, ina kiranta Oma, wato kaka. Tana da kare ɗan wata tara da na laƙaba wa suna Garaje, don ana danna ƙararrawar ƙofa zai daka tsalle ya dafe ƙirjin baƙo. Wata biyu ina kulle ɗakina saboda shi. Sai Oma ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, fita da shi safe da yamma ya dawo wuyana.

A nan hukuma ba ta wasa da maganar kare. Haraji ake biya masa duk shekara. A jiharmu ta Niedersachsen sai an yi masa inshora, an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma tun Yulin 2013 duk wanda zai fara riƙon kare sai ya ci jarrabawa, ta takarda da ta aiki. Ran da Oma ta ce in kai shi makarantar karnuka, dariya na yi har da riƙe ciki.

Darasin farko, malamar ta sa na dunƙule gutsuren cuku a hannu na miƙa masa. Ya lasa, ya yi ta yaƙushi, ya yi kuka. Ta ce kada in tsawata, kada in janye hannu. Ni kuwa duk hankalina yana kan yawun da ya jiƙe min yatsu. Can ya gaji ya ja da baya. A daidai wannan daƙiƙar ta ce in ba shi. In ka makara ko kaɗan, ba zai gane ladan mene ne ba.

Ƙofa ta fi ba mu wahala. In ce masa "Sitz", wato "zauna" da Jamusanci, ya zauna, in kama mariƙi. Ya ɗaga gindi, in saki. In buɗe kaɗan, ya zabura, in rufe. Wata safiya mun yi haka sau goma sha ɗaya, sanyi yana ratsa ni, har na daka masa tsawa da Hausa. Oma ta ɗago murya daga ɗaki: "Yaro na, kai ma zauna tukuna."

Yanzu sai in ajiye kwanon abincinsa, ya zauna yana kallona, yawu na zuba, ba zai taɓa ba sai na ba shi izini. Ƙararrawa dai har yau tana rikita shi wani lokacin.

Makon jiya Inna ta hango shi a bayana muna hira ta WhatsApp. Ta yi salati ta ce, "Yanzu renon kare ka je yi Turai?" Sai kuma ta rage murya: "To shi wannan, me ya sa bai yi haushi ba?"