Daren da ƙodar ƙanina ta gaza

Sati biyu ke nan da aka sallame mu, sai yau na samu natsuwar rubutawa. Ƙanina yana fama da sankarar jini, aka ɗaura masa methotrexate, wani maganin sankara mai ƙarfi, kamar yadda aka tsara. Sai ƙodarsa ta kasa fitar da maganin, ya taru a jini ya zama guba. Bakinsa duk ya yi gyambo, ko kunu ba ya haɗiyuwa.

Likita ta ce min, "Hajiya, kwantar da hankalinki, yana da makari." Leucovorin ne, duk awa 6, dare da rana, ga ƙarin ruwa da bicarbonate don fitsari ya wanke methotrexate ɗin. Akwai wani makarin kuma, glucarpidase, da Amurka ta amince da shi a 2012, yana farfasa maganin a cikin jini, amma ba mu same shi ba.

Garkuwar jikinsa ce ta fi tayar min da hankali. Fararen ƙwayoyin jininsa suka yi ƙasa, zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, nan take aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta. Har Inna muka hana shiga saboda tana mura, sai ta tsaya a bakin taga tana masa addu'a.

Alhamdulillahi, jiya ya ci tuwo.