Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Nutiron huɗu da maganar Kawu

Salam jama'a. Makon jiya na tsaya a inda na sauka Faransa, amma kafin in ci gaba dole in koma kan maganar Kawu don har yau tana ci min rai. Ranar sallama a zaure, gaban su Yaya Babba, ya ce "karatun da ba ya cika tukunya ai wahala ce kawai", kuma ba wanda ya ce uffan, har Baffa.

Aikin da aka ɗora ni a kai shi ne nutiron huɗu (nutiron da furoton su ne ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi cibiyar atom, wato nukiliya), shin za su iya haɗuwa su zauna ba furoton ko ɗaya a cikinsu? Ko biyu ma ba sa ɗaurewa. Amma a 2002 masu gwaji a GANIL, wata cibiyar binciken nukiliya a Faransa, suka ce sun ga alamu 6 na nutiron huɗu a haɗe lokacin da suka fasa nukiliyar beriliyom-14, sai a 2003 Steven Pieper a Amurka ya nuna in ka murɗa ƙarfin nukiliya (ƙarfin da ke ɗaure nutiron da furoton) a lissafi har huɗun suka ɗaure to ka rusa lissafin sauran ƙananan nukiliya da aka riga aka auna. Mu namu lissafi ne zalla, na Faddeev da Yakubovsky, wato hanyar lissafin ƙwayoyi uku ko huɗu a tare, ka tura wa babbar kwamfuta aiki ka zauna da shayi cikin sanyin dare kana jira, Inna ta kira tana tambaya yaushe zan gama in dawo a yi maganar aure.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarfin da ba ya fitowa sai ƙwayoyin sun zama uku, wanda Fujita da Miyazawa suka kawo tun 1957. Tiritiyom, mai furoton ɗaya da nutiron biyu, ɗaurinsa MeV 8.48 ne (MeV ma'aunin makamashi ne), in ka lissafa bibbiyu kawai ba ka kaiwa, sai ka ƙara na ukun. To mun yi ta ƙara shi a kan nutiron huɗu, wallahi sai ya wuce hankali kafin wani abu ya bayyana.

Da cibiyar bincike ta RIKEN ta Japan ta fitar da alamu 4 na nutiron huɗun a 2016 wajen MeV 0.83, wani babba a taro ya kalle ni ya ce lissafinmu ne bai iya ba. Maganar Kawu ce ta faɗo min a take, ga na gida sun raina ga na waje sun raina. 2022 kuma a gwaji da heliyom-8 aka ga tudu, wato alamu sun taru, a MeV 2.37, aka buga a mujallar kimiyya ta Nature, amma a 2023 Lazauskas da Hiyama da Carbonell suka nuna tudun zai iya fitowa daga yadda nutiron ke zaman bibbiyu a cikin heliyom-8 tun asali, ba sai an samu wata sabuwar ƙwaya ba. Ni a nan na tsaya har gobe.

Kawu bai ga wannan ba, Allah ya jiƙansa, na yafe, amma da albashin karatun nan aka yi wa ɗakinsa rufin kwano kuma su Yaya Babba sun sani. Mako mai zuwa zan kawo rigimar gonar bayan gari.