Gadin barcin direba a hanyar kai tumatir Kudu

Da rani, idan tumatirin Kadawa da Kura ya nuna, lodi a kasuwar Kwanar Gafan da ke hanyar Kano zuwa Zariya kan kai mu bayan isha'i, ga shi kaya ne da ba ya jira. Ni yaron mota ne, ina zama gidan gaba kusa da maigida, wato direba, babban aikina gadin barcinsa.

Da farko idonsa nake kallo, ashe kunne ya fi saurin kamawa. Kukan inji zai riƙa hawa yana sauka a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, saboda ƙafarsa na saki a kan totur. Daga nan mota ta sulale gefe a hankali, ya fizgo sitiyari da ƙarfi, ko mai tahowa ya yi ta ƙyafta masa fitila bai rage tasa ba. A gudun kilomita 80 a awa, mota na cin mita 22 duk daƙiƙa, gyangyaɗin daƙiƙa 3 kusan mita 67 ke nan ba mai tuƙi. Zai rantse bai runtsa ba, kuma ba ƙarya yake ba, irin wannan barcin mai yinsa bai sani.

Shi ya sa na daina tambayar ko yana jin barci, amsar kullum a'a ce. Sai in ce, "Maigida, mun wuce Tashar Yari kuwa?" Idan ya yi jim yana lalube, tsayawa ta kama. Nakan fi sa kunne daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, da bayan azahar in an ci an ƙoshi.

Sauke gilashi, ƙure rediyo, watsa ruwa a fuska, 'yan mintoci kawai suke sayo maka. Ƙwaya irin tramadol kuwa dusashe hankali take ƙara yi, ba na shiga motar mai shanta. Mukan sauka gaba ɗaya daga kwalta inda ke da jama'a, in sa waigi a taya. Ya sha shayi da Nescafe, ya kwanta nan take, domin sai bayan minti 20 zuwa 30 yake fara aiki. Minti 20 na cika in tashe shi, in ya zarce da nisa jiki a mace zai farka. Ya yi alwala, mu zagaya mota muna duba tayoyi da igiyar kwanduna.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne yini a rana wajen lodi tare da shi, kafin Zariya ni ma kaina na rangaji. Yanzu nakan bar wa 'yan dako ƙirgen kwando, mu biyu mu kwanta awa 2 a inuwa bayan azahar.