Godiya Ga Mutanen Jos Bayan Baje Kolin Zane-zanena

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, jiya da yamma aka rufe baje kolin zane-zanena, an taru lafiya an watse lafiya. Jama'a sun fi ƙarfin in bi kowa in gaisa da shi hannu da hannu, shi ya sa na rubuto nan. Wanda na tsallake ya yafe mini.

Bayan Allah, godiyar farko ta Hajiya ce, mahaifiyata. Duk da ciwon ƙafar da take fama da shi sai da ta zo, ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ta ce masa, "Ɗana ne ya yi." Ita ce fa wadda a da take tambayata yaushe zan nemi aikin kirki in daina ɓata riguna da fenti. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sai uwargida, wadda aikin jinyarta ya kai mu Ingila tun farko, kuma albashinta ya riƙe gidan lokacin da ko mai taya zane ɗaya ban samu ba. Ba a ba ta hutu ba, ta waya ta kalli buɗewar. Yaya babba shi ya ɗauki nauyin zaure da janareta da kujeru, ko sau ɗaya bai nuna mini lissafi ba.

Zanen a naɗe na kawo su cikin jirgi kamar tabarmi, ba firam ko ɗaya. Kafintocin kasuwar Katako ne suka fitar da ni kunya: suka auna, suka yanka, suka ja kyallen ya miƙe tsaf, har dare suna aiki da fitilar waya. Ƙannena da abokansu da suka rataye su a bango, da matan gidanmu da suka yi masa da kunun gyaɗa, Allah ya saka da alheri.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, me ya haɗa Jos da wannan bakin teku da ke cikin rabin zanen? Amsar kuza ce. Yankin da muke zaune sunansa Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, kuma ƙasar haƙar kuza ce tun zamanin da. Mahaƙarsu ta ƙarshe, South Crofty, a 1998 aka rufe ta. Har yau in ka bi gaɓar teku za ka ga kangayen ɗakunan inji da dogayen bututun hayaƙi tsaye a kan dutse, sun gyara su, masu yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto. Dutsen nasu ma irin namu ne. A tudun Bodmin akwai wasu duwatsu da suka hau kan juna, ranar da na gan su na rantse Dutsen Riyom ne aka rage wa tsawo. Na bar gida ina zana duwatsun Shere da shingen ƙerana da hazon hunturu, na je can na tarar da ƙasar da aka fasa cikinta don ƙarfe ɗaya da tamu. Tun daga nan kyalle ɗaya yake ɗaukar wurare biyu: sama nasu, ƙasa tamu, wani lokaci kuma bututun hayaƙinsu na tsaye a bakin kududdufin Rayfield, ɗaya daga cikin ramukan da haƙar kuza ta bari a Jos.

A kan waɗannan kududdufai nake son yin godiya ta musamman ga wani dattijo da ya zo daga Bukuru, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya daɗe a gaban babban zanen nan mai koren ruwa da jar gaɓa, sannan ya sa aka kira ni. Ya ce, "Yaro, ka iya. Amma ka san abin da ke ƙarƙashin ruwan nan?" Mahaifinsa ɗiban gwamna ne ya kawo shi Filato lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Turawa suka rasa kuzar Malaya a 1942 suka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa a dole. Mutanen da suka saba da zafi aka zube su cikin sanyin Jos da ruwan sama, ba bargo ba abincin kirki, da yawa ba su koma gida ba. Shi ma kansa ya ɗauki kwanon ƙasa a ka yana saurayi. Ya ce ramukan da kamfanoni suka tafi suka bari ba su daina cin mutane ba, yara na zuwa wanka su nutse. Na ce masa, Baba, shi ya sa ban sa ko mutum ɗaya a bakin ruwan ba, kuma shi ya sa gaɓar ta yi ja haka. Ya ce to, amma ruwan ya yi kyau da yawa. Ban canja ra'ayi ba, don ruwan da kyansa, kuma da shi manoman rani ke shayar da kabeji da karas da ake lodi a Farin Gada. Sai dai a cikin duk waɗanda suka zo, babu wanda ya kalli zanen kamar yadda Baba ya kalle shi. Allah ya ja kwana, ya jiƙan magabata.

Masu cewa sararin samaniyar zanena ya yi toka-toka, wai na Turai ne ba namu ba, ku ma na gode. Gaskiya hasken can ya shiga hannuna, shi ne ma ya tara masu zane a garin St Ives na Cornwall fiye da shekara ɗari. Amma ku fito da sassafe a watan Agusta ku dubi wajen Shere, mu da ke zaune a tudun da ya kai mita 1,200, sannan mu sake magana.

Malamina na zane a sakandare ya zo da sandarsa, ya ƙi zama har sai da ya zagaya duka. Shi ya fara kai mu gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya tsayar da mu gaban kawunan Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, ya ce mu zana, ya kuma gaya mana cewa masu haƙar kuza ne suka tono su. Ashe tun ranar aka ɗaura ni da kuza ban sani ba. Malam, na gode. Ɗaliban Jami'ar Jos da suka cika zauren da tambayoyi kan haɗa launi da tsadar fentin mai, da maƙwabtanmu Birom da Afizere da Anaguta da suka riƙa nuna mini ƙauyukansu a jikin bango, har wata baiwar Allah ta ce ga gonar accar kakarta, duk ina godiya.

Waɗanda suka sayi zane, a zo a karɓa a wurin Yaya kafin ƙarshen mako, a zo da mota mai rufi saboda ruwa. Babban zanen kududdufin ba na sayarwa ba ne, a daina kiran Yaya a kansa, zai zauna a falon Hajiya. Ɗaliban da na yi wa alkawarin fita zane, mu haɗu ranar Asabar bayan sallar asuba a hanyar Lamingo, kowa da fensirinsa da rigar sanyi.

Allah ya bar zumunci, ya zaunar da Filato lafiya.