Zaɓen firiwil ga tsohon keken tsere da aka raba da giya

Kekunan tsere na gwanjo ƙarfensu mai kyau ne, ga su shafal, amma abin canza giyarsu ba ya jure ƙasarmu. Rairayi ya shiga, waya ta tsinke, ko keken ya faɗi ta dama abin ya lanƙwashe, kuma a ƙauye ba inda za ka samo madadinsa. Nawa tsohon Raleigh ne mai lanƙwasasshen kai, giya 5 a baya, faifai 2 a gaba, ɗaya mai haƙori 52 ɗaya mai 42. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa a ƙasar Taura. Da sarƙar ta fara tsalle kullum sai na ga gara in mayar da shi mai giya ɗaya, irin Phoenix da Hero da kowa ke hawa. Kawuna ya daɗe yana gyaran keke, tare muka yi aikin, daga baya abokai suka riƙa kawo nasu.

Kafin ka sayi komai duba hob ɗin baya, wato cibiyar ƙafar baya inda ake ɗaura firiwil, faifan haƙoran da sarƙa ke ja. Tsofaffin kekuna yawanci firiwil ɗinsu murɗa shi ake yi a kan tiredi, wato zare irin na noti da ke jikin hob, ana kwance shi a ɗaura mai haƙora layi ɗaya a gurbinsa. Na baya-bayan nan kuwa faifan zura su ake yi, injin yana cikin hob, wannan aikinsa daban ne. Tiredin ma ba duka ɗaya ba ne. Wanda ya cika kasuwa na Ingila ne, faɗin inci 1.37, zare 24 a kowane inci. Tsofaffin kekunan Faransa, irin Peugeot na da, wasunsu milimita 34.7 ne, tazarar zare milimita 1. Ido ba ya ganin bambancin. Firiwil na Ingila a kan hob na Faransa zai kama, ya yi zagaye kaɗan, ya cije. Da wani ya kawo irin wannan, Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, abin da yatsu ba su kai shi ƙarshe ba, kada ka sa masa ƙarfi." Hob ɗin alminiyam ne, firiwil ƙarfe, idan aka matsa hob ɗin ne zai cinye, kuma ba ya gyaruwa.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne yawan haƙora, don wanda ka zaɓa da shi za ka zauna, rani da damina. Tayata inci 27 ce, zagayenta kimanin mita 2.15. Da faifan gaba mai 42, firiwil mai 16 zai ba ka kusan mita 5.6 a kowane juyin feda, mai 18 mita 5, mai 20 mita 4.5. Idan ka bar babban faifai mai 52 ka haɗa shi da 18, ka haura mita 6. Samari suna son babban faifan don gudu da kyan gani, kuma ban ga laifinsu ba idan kwalta suke bi. Hanyata burji ce da yashi, siririyar taya kuma nitsewa take inda tayar inci 28 ke wucewa lafiya. Ga iskar hunturu da ke tare mutum ta gaba da safe. Giya mai nauyi a irin wannan hanya gwiwa take ci, ƙarshe ka sauka kana turi. Na tsaya a kan 42 da 18. Maƙwabcina mai ɗauko jarkokin ruwa mun sa masa 20, wani ɗalibi da ke bin kwalta zuwa Ringim 16 ya ishe shi. Wanda giyarsa ke ɗan aiki har yanzu, ya gwada hawa da giya ɗaya tak ba canji, ya ga wadda jikinsa ya karɓa, ya ƙirga haƙoranta.

Sai kaurin haƙori. Sarƙar keken giya siririya ce, 3/32 na inci, ta kekunanmu na gida 1/8. Faffaɗar sarƙa tana hawa siririn haƙori, siririya ba ta zama a kan mai kauri. Firiwil ɗin da za ka tarar a Gujungu ranar Lahadi ko a Sabon Gari a Kano galibi mai kauri ne, don haka ka haɗo da sarƙarsa, za ta zauna a tsohon faifan gaba ba matsala.

Bayan mun ɗaura, Kawu ya tsuguna a bayan keken ya rufe ido ɗaya yana bin sarƙar da kallo. Ta karkace. Sabon firiwil yana zama can ciki kusa da sifok, wato wayoyin ƙafar keken, inda babbar giya take a da, faifan gaba kuwa yana waje. Sarƙa a karkace ƙara take yi, tana cin haƙora, a gargada kuma ta zame. Muka kwance ƙarfen tsakiyar hob, muka ɗebe washa daga dama muka mayar hagu har hob ɗin ya matso. Rim ya tashi daga tsakiya, sai Kawu ya zauna da ɗan makullinsa yana sassauta sifok na dama yana ɗaure na hagu, rubu'in zagaye rubu'in zagaye, yana juya ƙafar yana duban ratar da ke tsakaninta da robar birki, har ta dawo daidai. Wannan ya fi duk sauran aikin cin lokaci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Jan sarƙa bai ba mu wahala ba, don tsagar da ƙafar baya ke shiga doguwa ce a kwance, ana ja baya a ɗaure noti. Firem mai tsaga a tsaye sai an bar masa abin da zai riƙe sarƙar.

Abin da nake roƙon kowa ya duba, kafin suna da ƙyalli, shi ne wurin kwancewa. Firiwil kullum ƙara ɗaurewa yake da taka feda. Mai kyau yana da tsaga 2 ko 4 a fuskarsa inda makulli ke kamawa. Da yawa daga masu araha fuskarsu sumul take, sai 'yan ramuka biyu a murfi. Na ga yadda ake raba irin wannan da hob ran da na wani abokina ya daina kamawa, feda na juyawa keke na tsaye. Kawu ya kafa ƙusa a ramin yana bugu da guduma ta hannun dama, don murfin tiredinsa a juye yake. Murfi ya fita, 'yan boris suka watse cikin ƙasa, haƙoran suka zare, sannan aka danƙe ƙwaryar da ta rage da babbar sifanar famfo, mutum biyu suna murɗa ƙafar. Kuskure kaɗan hob ya tafi. Kamfanin Shimano yana da masu tsaga 4, irin SF-MX30 mai haƙori 16 zuwa 18, sai dai shi siriri ne kuma sai an nema a birni. Na White Industries da ake yi a Amurka kuɗinsa ya fi na keken gaba ɗaya, ba namu ba ne. Ko wanne ka samu, shafa giris a tiredi kafin ka ɗaura.

A cikin firiwil akwai 'yan harsunan ƙarfe da siririyar waya ke turawa, su ne ke yin ƙas-ƙas idan ka daina taka feda. A gaban mai kaya nake juya shi kusa da kunne, in ji ƙarar tana fita tsaf, in girgiza in ji ko yana lilo da yawa. Giris mai kauri da ƙura suna manne harsunan, shi ya sa idan na ji ƙarar ta fara dusashewa nake kwantar da keken, in ɗiga kananzir ta tsagar murfi ina juyawa har dattin ya fito, in bi da mai marar kauri. Birki kuwa na bar duka biyun, gaba da baya, don firiwil ba ya tsayar da keke komai yadda ka danne feda.