Baikal ɗina da kirinjijiyar Galma

Bindigar da nake fita da ita farautar kirinjijiya, wato wata agwagwar daji, a fadamar kogin Galma tsohuwar Baikal ce, ƙirar Rasha, mai baki ɗaya, faɗin bakin lamba 12. Samari kan ce in sayar in nemi irin wadda ake ja tana loda kanta. Ba su san dokar makamai ta 1959 ba: mai baki ɗaya da mai baki biyu lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, amma duk wadda ke da na'urar sake lodi ta faɗa cikin haramtattu. To, ni da takardata a aljihu, me zai kai ni?

Abin da na fara taɓawa shi ne kota. An yi ta don mutum mai dogon hannu, ga shi lokacin agwagwa lokacin hunturu ne, kana cikin rigar sanyi mai kauri. Kafin ka kai ta kafaɗa ta sarƙe a hammata, tsuntsu ya wuce. Na kai wa wani kafinta a Tudun Wada ya rage kusan yatsa biyu, ya liƙa roba a gindin. Yanzu in na rufe ido na ɗaga ta, ina buɗewa sai in ga idona a kan saiti.

Bakin kuwa ban yarda an taɓa ba. Wani maƙeri ya ce a yanke shi harbi ya riƙa bazuwa. Kawuna, wanda ya tsufa a harbin dinya, ya kalle shi ya ce da ni, “Ɗana, bar mata bakinta. Harsashi za ka canza.” Dokar ma ta hana a gajarta shi ƙasa da inci 20.

Nan ne aikin yake. Bakin waɗannan tsofaffin bindigogi a matse yake can ƙarshe, don ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule. Na kafa kwali a jikin ganuwar wani kududdufi da ya ƙafe, na zana da'ira mai faɗin inci 30, na ja baya yadi 40, kamar yadda ake gwadawa ko'ina. Da manyan ƙwayoyi, irin su BB, sai ga ramuka tsilli-tsilli, da gibin da kirinjijiya za ta ratsa ba a taɓa ko gashinta ba. Da ƙananan ƙwayoyi masu lamba 4 kuwa kwalin ya koma kamar rariya. Shi ke nan, lamba 4 ta zama ta kirinjijiya, BB na ajiye wa dinya, don ita gashinta kauri gare shi, ƙananan ƙwayoyi raunata ta kawai suke yi ta je ta mutu cikin ciyawa. Na kuma lura harbin yana ɗan hawa sama, don haka nake saita ƙasan tsuntsu kaɗan.

Wani ya kawo mini harsashi mai ƙwayar ƙarfe, wai shi ake yayi tun da Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, saboda agwagi na tsattsage ta a laka ta zame musu guba. Hujjar mai kyau ce. Sai dai ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, yana iya kumbura matsattsen bakin tsohuwar bindiga, shi ya sa na mayar masa. Abin da nake yi shi ne ba na harbi kan ruwan da makiyaya ke shayar da shanu, ko inda masu lambu ke jan ruwa da inji. Ina jira garken kirinjijiyar ya taso da asuba yana fito, ya biyo ta kan tudu, sannan in ɗaga.