Kuɗin ajiyar ɗakin haya: a hannun wa za su kwana?

Mu mutanen ƙauye ba mu saba da haya ba. A garinmu da ke yankin Sumaila, in baƙo ya sauka, ga zaure ga shagon samari, ba mai ce masa ya kawo sisi. Da na samu gurbin karatu a jami'ar Wudil, wadda aka sanya wa sunan Aliko Dangote a 2022, a nan na fara jin ana maganar la'adar dillali da kafin alƙalami da kuɗin ajiya. Kuɗin da ke aljihuna kuwa na riɗi ne da Baba ya sayar, in suka salwanta sai wata kakar.

Na farko da ya nemi ya raba ni da su a zauren WhatsApp na sababbin ɗalibai na gamu da shi. Ya sako hotunan ɗaki mai tayil da fanka, a gidan da ɗalibai ke zaune tare, farashi ƙasa da na ko'ina. Da na kira shi sai ya ce yana Abuja, in turo kafin alƙalami ya sa yaro ya kawo mini makulli, kuma in yi sauri don akwai masu jira. Na shigar da lambar asusun da ya ba ni, sai wani suna daban ya fito. Ya ce na matarsa ne. Na ce to, zan zo in ga ɗakin da idona tukuna. Tun daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. Bayan an fara karatu na haɗu da waɗanda suka tura masa, labarinsu duk iri ɗaya: araha, gaggawa, da mai gidan da ba ya gari.

Irin wannan ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ɗakin na gaske ne, makullin na gaske, mai nuna maka shi ma a ciki yake kwana.

Wani ɗalibin ajin ƙarshe ne ya nuna mini ɗaki a gida mai ɗakuna huɗu, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya. Mutum ne mai fara'a, har shayi ya saya mini. Ya ce in biya shi hayar shekara, in ɗora N15,000 na ajiya saboda ɓarna, in zan tashi a mayar mini. Kawuna da ya rako ni, wanda ya saba cin kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, tambaya ɗaya ya yi masa.

“Samari, gidan naka ne ko na mahaifinka?”

“A'a Baba, na wani Alhaji ne, amma ni ya bar wa kula da shi.”

“Madalla. Kai mu wurin Alhajin mu gaisa.”

Ɗalibin ya yi ta kame-kame, yau Alhaji ya tafi gona, gobe ba ya jin daɗi. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya tsallaka wurin mai shayin bakin layi ya tambayi mai gidan, aka nuna mana masallacin da yake salla, muka same shi bayan La'asar. A nan muka ji cewa hayar ɗalibin wata uku ta rage ta ƙare, kuma ba a taɓa ba shi izinin saka wani ba. Da na biya shi, da ya kammala karatu ya tafi da kuɗin wata tara da na ajiya, Alhaji kuma ya zo ya tarar da baƙuwar fuska a ɗakinsa. Har yanzu ban ɗauke shi riƙaƙƙen ɗan damfara ba, na fi zaton matsi ne ya kai shi, amma asarar da zan yi duk ɗaya ce.

A gidan da ake zaman haɗaka nan ne kuɗin ajiya ya fi ɓacewa, domin yakan bi hannu-hannu. Mai tashi ya karɓa daga mai shigowa, shi ma ya jira na bayansa, har a kai kan wanda zai tashi ba mai maye gurbinsa, ya je wurin mai gida ya ce a ba shi kuɗinsa, mai gida ya ce shi bai san zancen ba. Kuma gaskiyarsa.

Don haka da Alhajin muka ƙulla haya kai tsaye. Da Kawu ya nemi a rubuta, sai fuskarsa ta ɗan canza.

“Malam, ba ka yarda da ni ba ne?”

“Haba Alhaji, ranka ya daɗe, ai ba don yau ake rubutu ba. Rai ba a hannunmu yake ba, in ɗayanmu ya faɗi magada ba su san me muka yi ba.”

Ya yi shiru, sannan da kansa ya ambaci ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta yi umarni a rubuta kuma a kafa shaidu. A takardar littafin makaranta muka rubuta, gaban mai unguwa da limamin masallacin: ranar shiga da ranar ƙarewar haya, adadin hayar, adadin ajiyar, da cewa ajiyar amana ce a hannun Alhaji ba ta cikin haya. Muka fayyace abin da za a iya cirewa a ciki, wato abin da na fasa ko na lalata da hannuna. Yoyon kwano da zaizayar bango da damina kan kawo, wannan na mai gida ne. Na tura kuɗin asusun da ke ɗauke da sunansa, kowa ya riƙe kwafi, na kuma ɗauki hotonta da waya.

Ranar da na shiga, kafin in shimfiɗa katifa, na bi ɗakin lungu-lungu da waya. Gilashin taga ɗaya a tsage yake, sakatar ƙofa tana rawa, soket ɗaya ya ƙone ya yi baƙi, ga tabon ruwa a silin ta kusurwar gabas. Na tura wa ɗan Alhajin hotunan a take don kwanan watan ya zauna. Na kuma nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe, saboda sau da yawa bashin wuta gida yake bi, wanda ya tara shi in ya tashi sai ya bar wa na ciki. Mu mazauna gidan muka sayi ɗan littafi na kuɗin wuta da na mai ruwa da na yashe masai, kowa ya biya ya sa hannu.

Da lokacin tashina ya matso na sanar da Alhaji tun da sauran wata biyu, domin masu gida da yawa sun riga sun juya kuɗin a taki ko a kasuwa, sai an ba su lokaci su haɗo. Muka zaga ɗakin da ɗansa, hotuna a hannu. Tsagar gilashin tsohuwa ce, ba a ɗora mini ba. Kwaɗon da na ɓatar da makullinsa aka fasa, an cire kuɗinsa. Ragowar Alhaji ya ba ni bayan sabon ɗan haya ya biya, na sa hannu a bayan takardar cewa na karɓa, mai unguwa ya sa nasa.